Sunanki a Rajistar Makarantar Sista

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda kika koya mini, ta durƙusawa har ƙasa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki a yalwace kuma a haskake. Na san takarda ba ta isa inda kike. Ko da kina raye ma sai an karanta miki. Duk da haka zan rubuta, in sa a shafina na intanet, masu leƙe su leƙa. Da ke nake magana.

Bana shekara takwas ke nan da muka kai ki makwancinki a Ashige. Injin casar shinkafa guda ɗaya kika bar ni da shi, shi ma na haya. Yanzu uku ne, kuma nawa ne na kaina. Na yi gini a Bukan Sidi. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin faɗin haka, domin babu wanda ya ɗora ni. Daga shanyar shinkafa a rana na fara, da takardar sakandaren je-ka-ka-dawo wadda ni kaina ba na son a dube ta da kyau.

Amma ba labarin inji ya sa na ɗauki biro ba. Labarin takwararki ne.

Shekara ɗaya bayan tafiyarki, surukarki Rabi ta haifi mace. Ranar suna na kasa buɗe baki. Baffa Jauro, ƙanin Baba, wanda yake nan har yau da ransa da bakinsa, shi ya matsa kusa da liman ya raɗa masa sunanki. Daga ranar babu wanda ya sake furta shi a gidana. Ni ba zan kira sunan uwata ba. Rabi ba za ta kira sunan surukarta ba. Ƙannena ma haka. Malamin allon unguwarmu ya ji kowa yana cewa Inna, shi ma ya bi sahu. Baffa kaɗai yake da ikon faɗa, shi kuwa wasan jika ya fi masa daɗi. Uwargida yake ce mata, ita kuma ta ce masa tsohon da ba ya kawo cefane.

A nan ma ba zan rubuta sunan ba. Masu karatu su yi haƙuri.

Ke kika koya mana haka. Ni ne ɗanki na fari, har kika koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinki ba. “Kai, wannan,” shi ke nan. Amma in kin dama fura, ta ƙasan ƙwarya mai kauri ni kike turo wa da gefen hannu, idonki yana wani wuri. A gidanmu wanda aka fi so shi ake jin nauyin sunansa. Haka na tashi na gani, ban taɓa tunanin akwai inda ba a san haka ba.

Da kin ga yarinyar nan, Inna. Ta ɗauki matsayinta da gaske. In na dawo daga inji, gira da gemu duk garin ɓuntu, sai in same ta a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. “Sai yanzu? Je ka wanke hannu.” In je in wanke. Ma’aikatana ba sa iya kallon idona in na ɗaure fuska, amma wannan ’yar mitsitsiyar ita take aike na.

Da ta isa shiga aji ɗaya na ce makarantar Katolika za ta, wadda ’yan Sista suke riƙe da ita, wadda kike wucewa ta gabanta da ƙwaryar nono in kin shigo gari. Na lura yaran da suka fito daga can ba sa bin layi da yatsa in suna karatu, ni kuwa har yau sai na bi. Baffa ya buga sandarsa a ƙasa. “Ka kai ta makarantar Fada, wata rana za ta dawo maka da suna Meri.” Na ce masa safe tana boko, yamma tana allo, kuma ni ba a yi mini dabara a kan ’yata ina kallo.

Ranar rajista na miƙa wa akawu takardar haihuwa. Ya kwafe abin da ya gani, ya buga hatimi. Ban ce uffan ba, shi ma bai tambaye ni komai ba. Na fito ina jin na gama aiki.

Ranar farko ta dawo da gudu, yunifom ya yi mata yawa, safa ɗaya ta zame. “Baba, shugabarmu ma hijabi take sawa, fari tas!” Muka yi dariya har Rabi ta riƙe ciki. Na ce alhamdu lillahi, an dace.

Sai abubuwa suka fara sauyawa a hankali, yadda inji yake sauya murya kafin ya tsaya. Abincin da Rabi take zuba mata ya riƙa dawowa kamar yadda ya tafi. Da safe sai ta ce cikinta. Asabar da Lahadi cikin nan lafiyarsa lau, Litinin ya tashi. Wata rana na dawo ban same ta a bakin ƙofa ba. Na shiga da hannuna haka nan, na zauna, na ci abinci, babu wanda ya tsawata mini. Wallahi, Inna, tuwon ranar bai yi mini daɗi ba.

Rabi ta lallaɓa ta, ta tambaye ta. Abin da ta ce kawai shi ne, “Ba wanda ya san ni a can.” Daga baya wata yarinyar maƙwabta da take aji uku ta gaya wa Rabi cewa a makaranta Kurma ake ce mata.

A makon ne takarda ta zo daga makaranta, da Turanci. Na zauna na bi ta da yatsa sau biyu. Wai yarinya ba ta amsawa in an kira ta, wai a kai ta a duba kunnenta, kuma in zo in ga shugaba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Yarinyar da take gane ƙarar motata tun daga kwanar titi, ita ce kurma? Na yanke hukunci ni kaɗai. Na ce sun ga ’yar Fulani Musulma ce, sun tura ta gefe, yanzu suna neman hanyar da za su ce ba ta dace da su ba. Na ce ashe Baffa ya yi gaskiya, kuma kin san yadda faɗin haka yake yi mini ciwo.

Washegari na sa babbar rigata ta Juma’a, alhali ranar Talata ce. A mota na shirya jawabi da Turanci, na maimaita shi har sau uku. Niyyata in faɗa musu ko ni wane ne, in kama hannun ’yata, mu fita ba waiwaye.

Shugabar wata dattijuwar Sista ce, ’yar ƙabilar Ibo, ’yar ƙarama, tabarau a rataye da zare. Ta daɗe a Arewa, Hausarta tana tafiya ko da tana ɗingishi. Ta ba ni kujera, ta sa aka kawo ruwan sanyi. Na ƙi taɓa ruwan. Ta aika aka kira malamar ajin, wata matashiya ’yar Tibi da yara suke kira Anti Dooshima. Ta shigo rungume da rajista.

Ba zan manta maganarta ba, da irin Hausarmu ta Lafia wadda ba ruwanta da mace ko namiji. “Alhaji, yarinyan ka ba ya amsa. Ina kira, ina kira, yana kallon bango. In na tambaye shi suna, sai ya fara neman maman shi. Kullum Inna, Inna. Ina ce mashi ya yi haƙuri, mama zai zo in an tashi.”

Na kusa gane wani abu a lokacin, amma girman kai ya danne shi. Jawabina yana nan a baki, ina jiran wurin sa shi.

Sista ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce wataƙila su ne ba su iya faɗin sunan daidai ba, in faɗa da bakina ta ji yadda nake faɗa.

Inna, na buɗe baki, babu abin da ya fito.

Na miƙa hannu na nuna wurin a rajista. Ta ce ta gani, so take ta ji. Na sake nunawa, har ina danna takardar da yatsa kamar ita za ta yi magana. Ni da nake magana a kan ƙarar inji uku a ji ni a bakin titi, ga ni a gaban mata biyu ina zufa cikin babbar riga. Malamar ta matsa kusa da Sista, ta rage murya, amma na ji ta sarai. “Sista, anya shi ne baban?”

Wannan ce ta kwance mini harshe. Turancin duk ya gudu. Na ce da Hausa, sunan mahaifiyata ne, a wurinmu ba a faɗa. Inna muke ce mata. Ita kanta yarinyar ba ta san tana da wani suna ba, domin ba ta taɓa jin sa a gida ba.

Sista ta cire tabarau ta ajiye. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai na ga kafaɗunta suna rawa, ashe dariya ce, har da hawaye. Ta dafa ƙirjinta ta ce, “Nnenna. Ni ma Nnenna.” Ta ce a garinsu haka ake kiran yarinyar da aka haifa bayan rasuwar uwar uba, ma’anarsa ke nan, uwar uba, kuma da shi aka san ta a gida tun kafin ta zama Sista. Ta ce mahaifinta bai taɓa ɗaga mata hannu ba, yakan ce shi ba ya dukan uwarsa.

Anti Dooshima kuwa hannu biyu ta ɗora a ka. “Wayyo Allah na! Sati biyar yarinya yana gaya mini sunan shi, ni ina ce mashi ya yi haƙuri!”

Sista ba ta aika a kira yarinyar ba, da ƙafarta ta tafi, muna biye. Na hango takwararki a benci na ƙarshe, gefen taga, ita kaɗai, ta kifa haɓa a kan jaka. Sista ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga murya. “Inna!”

“Na’am!”

Ta miƙe zumbur har fensirinta ya faɗi. Ajin duk ya juya. Wani yaro ya ce, “Kai, Kurma ta ji!” Malamar ta ratsa benci-benci ta je ta durƙusa a gabanta, babbar mace da ita, ta kama hannayenta tana ba ta haƙuri. Yarinyar nan ta dube ta daga sama har ƙasa, irin kallon da kike yi wa mai sayen nono in ya cika ciniki, ta ce, “Ba komai. Kar ki ƙara.”

A nan na san ’yata ta dawo.

Maganarki ce ta faɗo mini a tsaye a wurin, wadda kike yi in muna tatsa: “Ko saniya sai ka kira ta da sunanta take waiwayowa.” Na san wannan tun ina yaro. Amma na ɗauki ’yata na kai ta cikin baƙi, na miƙa takarda, na juya, ban gaya wa kowa yadda ake kiranta ba. Laifin da na zo ɗora wa mutane, a aljihun babbar rigata yake. Da muka koma ofis na ɗauki ruwan nan na shanye tas. Jawabin Turanci kuwa har yau yana nan ban yi amfani da shi ba.

Da na je wa Baffa da labari na ce masa, ka ce za su sauya mata suna, to sun sauya. Sun ajiye na takarda sun koma na gida. Ya shafa gemu ya ce, “To ai ni na faɗa.” Kin san shi.

Na ɗauka magana ta ƙare a nan. Sista ba ta bar ta ta ƙare ba. Ta ce in an yi wa yaro ɗaya haka, akwai wasu da ba a gano ba. Ta sa aka ja layi da fensir a gefen kowace rajista, a rubuta sunan da ake kiran yaro da shi a gida. Akawu ma yanzu ba ya karɓar takarda ya yi shiru, sai ya tambayi mai kawo yaro, ya kuma tambayi yaron da kansa. Kowace Juma’a da safe, kafin a tashi da wuri saboda masallaci, yara biyu ko uku sukan tsaya gaban aji su faɗi sunansu na gida, da wanda ya sa musu, da dalili.

Abin da ya fito daga nan ya ba kowa mamaki. Wani yaro da aka sani da Bitrus, ashe Tanko ne, shi kaɗai namiji bayan mata huɗu, kuma ya sha bulalar rashin amsawa a wata makarantar kafin a kawo shi. Anti da kanta ta tsaya ta ce sunanta yana nufin abin da zuciya take so. Wata ’yar Yarabawa a aji biyu ta ce ita Iyabo ce, wato uwa ta dawo. Sista ta tafa hannu ta ce to kakanni sun zama uku a makarantar nan. Tun daga ranar, in ta gamu da su biyun a fili sai ta ɗan rusuna ta ce, “Tsofaffi, ina kwana, yaya ƙafa?” Su kuma su amsa da muryar tsofaffi, su riƙe ƙugu.

Mu dai ba mu ce kin dawo ba, Inna. Na san inda kike, na san ba a dawowa. Suna kawai muka ajiye a gida don kada gidan ya zama babu ke. Na gaya wa Sista haka, ta ce ta fahimta, ita ma addininta bai ce ana dawowa ba. Kowa yana kan nasa. Da safe in suna addu’arsu, yaranmu sukan tsaya shiru cikin ladabi, babu mai tilasta musu su faɗi abin da ba nasu ba. Da azumi ya zo, Anti ta hana a riƙa cin abinci a gaban manyan yaran da suka ɗauka, ta ce a koma ƙarƙashin mangwaro.

Wata Juma’a aka gayyace ni in yi wa ’yan aji ɗaya bayanin al’adarmu. Ni da nake tsayawa a taron masu inji in yi magana kowa ya yi shiru, sai ga ni ina kame-kame a gaban ’yan shekara shida. Na yi iya yina. Da na gama wata ’yar ƙarama mai wushirya ta ɗaga hannu. “Baban Inna, in ita ce mamanka, in ta yi laifi wa yake dukan wa?” Na ce babu duka, amma faɗa ita take yi mini. Takwararki ta gyaɗa kai daga bencinta, wanda yanzu na gaba ne, ta ce, “Ba ya son wanke hannu.” Ajin ya fashe. Mutuncin da na tara shekara ashirin a Lafia, a minti ɗaya ta zubar da shi, kuma ban taɓa jin daɗin zubewar mutunci irin na ranar ba.

Bayan nan Sista ta tsayar da ni a bakin get. Ta ce akwai sauran magana. Yarinya tana da haƙƙin ta san sunanta na yanka, domin shi za ta rubuta a jarrabawa, shi zai bi ta har girma. Ta ce ta ji Hausawa suna cewa suna linzami, to bai kamata a bar yarinya ba ta san inda nata yake ba. Na ce gaskiya ne, amma wa zai koya mata? Ni ba zan iya ba, uwarta ba za ta iya ba. Ta ce wannan aikin makaranta ne, in na yarda. Na yarda.

Bayan kamar mako biyu, da la’asar, ina zaune a tsakar gida, sai ga takwararki da littafinta. Ta buɗe ta ɗora mini a cinya. Ga sunanki nan, Inna, da fensir, baƙaƙen sun karkace kamar shanu a gangare, layi biyar. Ta ce in karanta. Na bi da yatsa a zuciyata. Ta ce, “Da ƙarfi!” Na ce ba zan iya ba. Ta ce don me, ba ga shi na iya karanta takardar makaranta ba?

Sai na ɗora ta a ƙafata na ba ta labarinki. Ban taɓa yi ba, kin san mu da zurfin ciki. Na gaya mata akwai wata Inna kafin ita. Na gaya mata yadda kike tasowa daga Ashige da ƙwarya a ka, ki shigo Lafia ki sayar, ki koma, ba ki taɓa cewa kin gaji ba. Na gaya mata tabon ƙahon da yake hannunki na hagu, da yadda kike rufe baki da gefen zane in dariya ta kama ki. Na gaya mata ranar da na ce zan bar sakandare in bi shanu, kika ƙi yi mini magana kwana uku har na ɗauki jakata da kaina. Na ce mata sunan nan naki ne, kuma yana da nauyi a bakina, shi ya sa.

Ta dubi littafin. Can ta ce, “To ni zan riƙa faɗa maka, tunda kai ba ka iya ba.” Kuma ta faɗa. A fili, a tsakar gidana, harafi bayan harafi yadda Anti ta koya mata.

Ludayi ya faɗi a kicin. Rabi ta leƙo a firgice. “Ke! Sunan Inna ne a bakinki haka gatsau?” Yarinyar ta juya ta ce, “Ai nawa ne.”

Rabi ta koma ciki. Na ji tana jan hanci, ta ce albasa ce. Ni ban sami albasar da zan ɗora wa ba.

A zango na biyu aka kawo wata yarinya ajinsu. Iyayenta makiyaya ne da suka zauna wajen Arikya, aka ba wa wani ɗan uwansu riƙonta a gari don ta yi karatu. Ba Hausa, ba Turanci, sai Fulatanci da kuka. Anti ta ce mini ba ta ma gama tunanin abin yi ba, sai ta ga takwararki ta tashi ta je ta zauna kusa da baƙuwar. Da ɗan guntun Fulatancin da ta tsinta a bakin Baffa, wanda rabinsa zagin wasa ne, ta tambaye ta yadda innarta take kiranta. Yarinyar ta faɗa. Takwararki ta miƙe ta sanar wa aji, ta kuma gargaɗe su cewa duk wanda ya sa mata wani suna, da ita zai yi. Har yau benci ɗaya suke, abinci ɗaya suke ci, kuma Fulatancin jikarki ya fi nawa yanzu.

Makon jiya aka yi bikin ƙarshen shekara. Kwana biyu kafin nan Sista ta aiko a tambaye ni. Ta ce za a ba yarinya kyauta, kuma a irin wannan taro sunan takarda ake kira a lasifika. Ta ce in zai yi mini nauyi, za ta san yadda za ta yi. Ki duba fa, Inna. Mace mai shekarunki, shugabar makaranta guda, tana neman izinina a kan abin da yake aikinta. Na aika mata cewa ni ne ba na faɗa, ita ta faɗa.

An kafa rumfuna a filin makaranta. Iyaye sun cika, masu hula da masu ɗankwali, matan coci da tulunansu na kiɗa, ’yan kasuwa, ma’aikata. Fada ya buɗe da addu’a, sannan aka ba wani dattijo daga cikinmu ya yi tamu. Baffa ya zo, wai rakiya kawai ya yi mini, amma shi ya riga ni shiga mota.

A jarrabawa ta zo ta tara a ajinsu. Ni da na saba zuwa kusa da ƙarshe ba ni da bakin magana. Aka gama kiran na ɗaya da na biyu da na uku, aka tafa. Sai Sista ta karɓi lasifika da kanta. Ta ce saura kyauta ɗaya, wadda ba a samunta da biro, ta yaron da ya fi kula da ’yan uwansa a aji, kuma yaran ne suka zaɓa da kansu.

Sai ta kira sunanki.

Ya fita ta lasifika huɗu, ya bugi bangon azuzuwa ya dawo. Ta faɗe shi daidai, ko ke sai haka. Na san abin da ya kamata in yi, in sunkuyar da kai in dubi ƙasa, kamar yadda ɗa yake yi in an ambaci uwarsa a cikin mutane. Na fara sunkuyawa. Sai na ji wata ’yar murya daga cikin yara ta ce, “Na’am!” Ba ta waiwaya ta ga ko da wani ake ba. Ta fito tana taku ɗaiɗai, safa ɗaya a zame, ’yan ajinsu suna buga benci suna cewa Inna, Inna, Inna, har manyan aji suka ɗauka, har matan tulu suka sa kiɗa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsinci kaina a tsaye, hula a hannu, ina tafi kamar yaro. Baffa yana gefena yana goge ido da hannun riga, yana cewa, “Uwargida ta yi, Uwargida ta yi.”

Shi ya sa na rubuto, Inna. In na yi rashin kunya ki yafe mini. An kira sunanki a gaban jama’ar Lafia, Kirista da Musulmi, ban sunkuyar da kai ba. An kira, kuma an amsa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki, ke da Baba. Allah Ya raya takwararki cikin imani, Ya ba ta haƙurinki, domin bakin ta riga ta samu. Sista da Anti Dooshima, Allah Ya saka musu da alheri, Ya ƙara musu lafiya, Ya ba su ikon riƙe ’ya’yan mutane kamar yadda suka riƙe tawa. Duk yaron da yake zaune a bencin baya yau yana jiran a kira shi yadda ya sani, Allah Ya kawo mai tambaya. Amin.

Ki huta lafiya, Inna.

Ni ne ɗanki,
wanda yaran makarantar Sista suke kira Baban Inna,
Bukan Sidi, Lafia.